Shekarar da Ruwa Ya Hau Tudu

Duk faɗin Kusumdanga babu mai cika baki kamar Ketabali, mijin yayata Joytun, kuma ni Sobhan na fi kowa shan azabarsa, tunda a rumfar shayina da ke tashar fito yake baje kolinsa. Wata uku rak ya taɓa yi a Dhaka, babban birninmu, shekara ashirin da suka wuce. Amma da zarar ya gyara ɗaurin lungi, wato zanen da maza ke ɗaurawa, ya cusa ganyen pan da muke taunawa a kunci, ya ce "lokacin da muke ofishin ruwa," to wallahi sai ka ɗauka shi yake sa hannu kafin kogin Jamuna ya cika. In an tambaye shi aikin me ya yi a ofishin, sai ya lumshe ido ya ce sirrin gwamnati ne. Yana kuma da labarin shekarar babban ruwa, yadda ya tsamo mutum goma sha bakwai da hannu ɗaya. Ni na san abin da na sani game da wannan shekara, amma Bubu, wato yayar tawa, ta hana ni buɗe baki.

Wata Talata cikin rani, Gofur Masta, shugaban makarantarmu, ya faɗo rumfa da takarda yana haki. Gwamnati ta ware kuɗi a binciki ambaliya a gaɓarmu. Za a turo injiniya ta auna ƙauyuka uku, mu da Shimulkandi da Baliyapara. Wanda aka samu ruwa ya fi cuta, shi za a yi wa jinga, a kuma mayar da makarantarsa bene don mutane su samu inda za su fake. Jinga ɗaya ce bana. Sauran biyun sai su jira, kuma kowa ya san irin jiran gwamnati.

Damina uku a jere ruwa yana shanye mana shinkafa saura mako biyu girbi, bara kuwa har gefen maƙabarta ya ɓalla ya tafi da shi.

Nitai mai fito ya ce, "To ai da sauƙi. In ta zo a kai ta gungume ta gani da idonta."

Gungumen yana nan gefen rumfata a kan gaɓa, kakan Nitai ne ya kafa shi. Duk shekara in ruwa ya janye, mutumin gidansu zai zo da gatari ya yi tsaga a iyakar inda ruwan ya kai. Tsaga sittin da 'yan kai, mafi tsawonsu daidai ƙirjin mutum.

Ketabali ya fashe da dariya har jan yawun pan ya tsarto wa Masta a takarda.

"Ƙirji! Yaya Nitai, ka taɓa shiga ofis kuwa?"

"Na taɓa haye da masu shiga."

"To ni na kwana a ciki. Mutanen ofis ba sa ganin lamba sai ta yi ƙiba. Ka ce musu ruwa ya kai ƙirji, su ce ku je ku koyi iyo. Kuma kuna nan kuna hamma, 'yan Shimulkandi suna can suna ƙara wa nasu ruwan tsawo."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kashe mu. Ba wanda ya ga 'yan Shimulkandi suna yin komai, amma kowa ya ji a jikinsa za su iya.

"Ku bar mini," in ji Ketabali, ya bugi ƙirji. "Kwana goma. Zan tsara muku ambaliyar da sai injiniya ta nemi hankici."

Ni da nake ba ku labarin nan, ni na riƙe masa gorar awo. Allah ya yafe mini.

Gora ya yanko mai kamu biyar, ya samo jan fenti na shafa kwale-kwale. Duk gidan da muka je, in dasa gorar a gindin bango, shi kuma ya hau kujera ya ja layi a samanta. Gidan da ke kwari, kamu biyar. Gidan da ke tudu, kamu biyar. Da muka gangara unguwar su Nitai, can ƙasa bakin fadama, Nitai ya tsaya yana kallon layin da aka ja masa.

"Ketabali, bara rufin gidan nan gaba ɗaya ya nitse, daga kan mangwaro muke hango inda yake. Kai kuma ka zo ka ja layi a ƙasan rufi. Rage mini ambaliya ka zo yi?"

"Ofis na son abu bai ɗaya. Kar ka kawo mana rikici."

Amma da muka hau gidansa, wanda ya fi kowane gida tudu saboda mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa yana jibga masa ƙasa, sai ya tsaya yana shafa gemu.

"Sobhan, ƙara kamu ɗaya."

"Dulabhai, ina bai ɗayan?" na ce, don haka muke kiran mijin yaya.

"Kai wawa ne. A ce ruwan gidan mai fito ya yi daidai da na gidana? Ɗaga gorar."

Na ɗaga. Layin ya haye saman ƙofa. Bubu ta leƙo daga kicin da wuƙar gyaran kifi a hannu.

"Baban Shefali, me kake yi wa bangona?"

"Aikin gwamnati ne, Uwar Shefali. Koma ciki."

"Ruwan ne ya kai nan?"

"Ya kai mana. Shekarar babban ruwa."

"Allah sarki. Kai kana ina lokacin?"

Tari ya sarƙe shi. Ita kuwa ta koma ta ci gaba da gyaran kifinta.

Rana ta uku ya tuna gungume zai ƙaryata shi. Ya bari sai da Nitai ya haye da fasinja, ya aro magogar kafinta, ya kankare tsagogin nan tas, gungume ya fito fes kamar sabuwar taɓarya. Ya ɗaura masa gora a ka don ya ƙara tsawo, ya shafa ja a can ƙololuwa. Da Nitai ya dawo bai yi zagi ba. Ya durƙusa ya ɗebi ɓawon iccen a tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

"Hannun kakana ka kankare, da na ubana."

"In jinga ta zo za ka gode mini."

Ran nan kam na ji kunya, shayin ma ban iya sayarwa ba. Amma mun riga mun yi nisa, kuma tsoron Shimulkandi bai sake mu ba.

Sai aka shiga babin kainuwa. Ya ce ambaliyar kirki tana barin ciyawa a kan bishiyoyi. Ya sa masu hawan kwakwa suka kwaso kainuwa daga tafki, ɗanya shar har da furanninta, suka rarrataya a saman kwakwa. Kullum iska ta kaɗo ta, awakin gari su taru a ƙasa suna biki, shi kuma ya bi su da sanda yana ihun suna cinye shaidar gwamnati. Wata akuya ta tunkuyi bayansa, lungin ya kwance a tsakiyar kasuwa. Masu sayar da kifi sun yi kwana biyu suna ba juna labarin abin da suka gani.

Duk wannan bai ishe shi ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, makaranta ba kowa, ya tara ƙarti takwas da igiya. Akwai wani tsohon kwale-kwalen Nitai da ya shekara shida a kife a gaɓa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Shi ya ce a ɗora a kan rufin makaranta.

Gofur Masta ya riƙe kai. "Ketabali-bhai, kwanon nan ya girme ni."

"Masta, bene kake so ko kwano? In ta ga jirgi a kan rufi, me ya rage ta tambaya?"

"Za ta tambayi wanda ya ɗora shi."

"Ruwa ya ɗora shi. Kai malami ne ko ɗan sanda?"

Aka ja, aka tura, aka yi salati, rufin yana kuka kamar tsohuwar kujera. Daga ƙarshe jirgi ya zauna a karkace, hancinsa na kallon tafkin makaranta. Aka ɗaure shi da igiya ta baya don kar ya zame.

Kwana biyun ƙarshe ya yi su yana koya wa mutane shaida a rumfata. Ya raba wa kowa nasa: kai a rufi ka kwana, ke a kan kwakwa, kai kuma ka kama kifi ta tagar masallaci. Tsofaffi suna maimaitawa kamar masu hadda.

Injiniya ta iso da hantsi a jirgin inji. Sunanta Tahmina, 'yar gajeruwa, da takalman roba har gwiwa, tare da maza biyu, ɗaya ɗauke da abin hangen awo mai ƙafa uku, ɗayan da doguwar sanda mai lambobi. Ketabali ya tare ta cikin aron kwat, ga rana tana dukan ƙeya, gumi na bin gemunsa. Ya rataya mata furanni, ya watsa mata kalmomin Turanci ukun da ya mallaka, sannan ya sanar da ita cewa abokin aiki ne, tsohon ma'aikacin ofishin ruwa.

"Madalla, Chacha," in ji ta, wato kawu. "Wane sashe?"

"Na sama."

Ta dube shi, ta dubi kainuwa mai fure a kan kwakwa cikin tsakiyar rani. Ta nufi tsohuwa Kulsum da ke zaune a sahun masu shaida.

"Khala," ta ce, wato inna, "bara ruwa ya kai ina a gidanki?"

"Rufi, 'yata." Sai ta juya wajen Ketabali. "Ko kwakwa ne? Kai Ketabali, ni ce ta rufi ko ni ce ta kwakwa?"

"Tsufa ne, Apa," in ji Ketabali da sauri, haka muke kiran mace don girmamawa. "Wahalar ruwa ta taɓa mata kai."

"Kan uwarka ta taɓa. Jiya ka ce kwakwa, na ce maka ƙafata ba ta hawa, ka ce to rufi."

Injiniya ta rubuta wani abu a littafinta. Daga nan ta kafa abin awonta, ta bi jan layin gida gida, mai sanda na gaba tana hange. Ketabali yana biye yana bayani, ba wanda ya tambaye shi. Bayan azahar ta ce a tara mutane a filin makaranta. Na kawo shayi a tire.

"Chacha, ina da tambaya, tunda kai na sama ne. Wane irin ruwa ne naku a garin nan?"

"Mugu, Apa. Babu irinsa a duk gaɓar."

"Na yarda. Layin gidan mai fito yana ƙasa da dokin ƙofar gidanka. Layin gidanka kuma ya fi nasa tsawo da kamu goma sha ɗaya, tsakaninku taku ɗari biyu. Ruwanku in ya ga tudu hawa yake yi, in ya ga kwari ya sauka, kamar akuya."

Ta ɗauki kofin gilashi daga tirena, ta ɗaga shi kowa ya gani, ta karkata shi hagu, ta karkata shi dama. Shayin yana nan kwance shimfiɗe abinsa.

"Ni a bakin kogi aka haife ni, babana manomin rama ne. Ku ma a bakin kogi aka haife ku. Ko shayin nan ya san ruwa a kwance yake."

Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mu da muke buɗe ido a kan ruwa mu rufe a kansa, gari guda, ba wanda ya tuna. Kowa ya sunkuyar da kai, ban da mutum ɗaya.

"Iska ce, Apa! Iska ta tara ruwan gefe ɗaya. A ofis muna ce masa ruwa mai kafaɗa. In ba haka ba, wa ya ɗora wancan?" Ya nuna kwale-kwalen da ke kan rufi.

"Wanda ya sayi sabuwar igiyar da ke ɗaure da shi."

"Igiya? Ado ce kawai. Ruwa ya dasa shi daram, bari ki gani."

"Dulabhai, kar ka hau," na ce.

"Ketabali-bhai, don girman Allah!" in ji Masta.

Ina! Ya riga ya kama tsani, da kwat da komai. Ya rarrafa kan kwano, ya shiga jirgin ya tsaya, ya ɗaga wa jama'a hannu kamar mai neman ƙuri'a. Sannan ya juya ya kwance igiyar.

Da farko ba abin da ya faru, har ya buɗe baki zai ce kun gani. Sai kwano ya yi ƙara. Jirgi ya gyara zama, ya fara tafiya a hankali, sannan ya kwasa a guje. Ketabali ya zube a ciki yana kiran sunan uwarsa, fallen kwano uku suka biyo bayansa. Jirgin ya tashi daga bakin rufi, ya yi ɗan shawagi, ya faɗa tafki tsundum. Shekara shida bai ɗauki fasinja ba, kuma bai riƙe wannan ɗin ba, nan take ya nitse. Can sai ga Ketabali ya miƙe tsaye cikin tafki, kainuwa a ka, ruwa iya ƙirji.

Nitai ya ce, "Apa, rubuta: ƙirji. Yau dai an samu awo ɗaya na gaskiya."

Fili ya ɓarke da dariya. Har Masta da rufinsa ya tafi sai da ya riƙe ciki. Amma injiniya ba ta yi dariya ba. Ta rufe littafinta, ta ce wa mutanenta su naɗe kaya.

"Ni awo aka aiko ni, ba kallon wasa ba. Na je gungumenku, an kankare shi. Bangonku duk ƙarya ce. Ba ni da lamba ko ɗaya da zan sa a gaban sunan Kusumdanga, kuma ba zan ƙirƙira ba. Jirgina zai tashi da la'asar."

Dariya ta ɗauke kamar an yanka ta. Na dubi gonakin shinkafa can ƙasa. Shi ke nan, mun kashe kanmu da jan fenti.

Sai wata murya daga bayan mata ta ce, "Apa."

Bubu ce. Tun da nake ban taɓa jin muryarta a taron maza ba. Ta ja gefen zanen sarin da ta ɗaura ta rufe kai.

"In ba za ki raina ba, zo kicin ɗina."

Muka ɗunguma, gari guda, har da mai gidan yana ɗiga a baya. Bubu ta kawar da tukwane, ta goge toka daga jikin ginshiƙin da ke tsakiyar kicin. Tsagogi ne jere, ƙanana, na bakin wuƙar kifi.

"Duk damina sai mun ɗaura dandamali mu ɗora murhu da irin shinkafa. In ban san inda ruwan bara ya tsaya ba, a ina zan ɗaura? Wannan ta bara ce. Wannan shekarar auren Shefali. Wannan shekarar da saniyarmu ta tafi." Ta ɗora yatsa a kan ta sama, daidai ƙugunta. "Wannan babban ruwa. Kwana biyu ina tsaye a kan gado, Shefali tana kafaɗata, watanta huɗu. Ban zauna ba, don in na zauna ruwa zai taɓa ta. Sobhan ne ya zo da kututturan ayaba ya fitar da mu."

Injiniya ta durƙusa tana shafa tsagar. "Mai gidan fa, Khala?"

"Yana Dhaka, yana raba wa mutanen ofishin ruwa shayi a bene na sama."

Sirrin gwamnati ke nan. Ba wanda ya yi dariya ma, abin ya wuce nan. Ketabali ya tsaya a bakin ƙofa yana matse aron kwat. Ni kuwa, ashe duk shekarun nan ɗan sana'a ɗaya nake bari yana kira na wawa.

Sai tsohuwa Kulsum ta ce, "Ai ni ma ina da irin wannan a nawa ginshiƙin." Wata ta ce ita ma. Matar Nitai ta ce nata a jikin mangwaro yake, tunda kicin ɗinta nitsewa yake yi.

Jirgin la'asar ya tafi babu injiniya. Kwana uku ta yi tana shiga kicin kicin, guda arba'in da ɗaya, mata na goge mata toka suna faɗa mata shekaru da haihuwa da mutuwa. Da ta haɗa awon, tsagogin kwari da na tudu suka hau layi ɗaya, bambancin bai wuce yatsa biyu ba.

Bayan wata biyu takarda ta zo wa Gofur Masta. Kusumdanga aka ba jinga. Ashe ruwanmu na gaskiya, ba ƙari ko na tsinke, ya fi na Shimulkandi da na Baliyapara. Washegari Ketabali ya dawo rumfata ya zauna a mazauninsa, ya gyara lungi.

"Ai dabara ce. In ban ɓata na waje ba, yaushe za ta shiga kicin?"

Na miƙa masa tire na ce tunda gwani ne, ya kai wa Nitai shayi.

Gari ya yanke masa hukunci: ya gyara rufin makaranta, ya riƙe wa Nitai gatari a mayar da tsagogin gungume daga awon mata, sannan ya wanke jan layinsa daga kowane bango. Mako uku yana gurza da toka da ɓawon kwakwa, mata na zaune suna nuna masa inda ya tsallake. Gidansa ya bari na ƙarshe. Ya jingina tsani, ya ɗaga soso zai fara, sai Bubu ta fito.

"Baban Shefali, bar wannan."

"An ce a wanke duka, Uwar Shefali."

"Na ce bar shi. Ni duk abin da ya yi ambaliya a gidan nan ina ajiye alamarsa. Nan ne iyakar inda ƙarya ta kai bana. In ta sake tasowa baɗi, ina so in san a ina zan ɗaura murhuna."

Layin yana nan har yau a saman ƙofarsu, kamu shida cif. Kullum zai fito sai ya bi ta ƙarƙashinsa.